Ɗan Aiken Kunne: Nasiha ga Matasa Masu Neman Iyafis Don Kiɗan Kilasika

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a, ya same ni a zaure bayan la'asar, waya a hannu, fuska ba walwala. Ya ce, "Kawu, kiɗan nan da ka ce in saurara, ina jin wanda aka turo mini ya lalace. Minti biyun farko kusan ba na jin komai, sai wata 'yar sarewa can nesa kamar daga ƙauyen gaba." Kiɗan da yake nufi shi ne Boléro, wanda Bafaranshen nan Maurice Ravel ya tsara a 1928. Na karɓi iyafis ɗinsa na duba. Robar bakinsa ta yi wa kunnen yaron kaɗan, tana lilo a ciki. Ga janaretan maƙwabta yana ruri, ga 'yan adaidaita suna ta hon a bakin titi. Na shiga ciki na ɗauko nawa, na sa masa sabuwar roba daidai kunnensa, na mayar da kiɗan farko, ban taɓa madannin ƙara ba.

Ya zauna shiru, ido a rufe. Can sai na ga ya fara buga gwiwarsa da yatsa a hankali, yana bin wata 'yar ganga. Da aka yi nisa ya buɗe ido ya ce, "Kawu, ashe tun farko akwai mai ganga!" Akwai shi kuwa. Tun daƙiƙar farko yake kaɗawa cikin raɗa, kuma ba ya tsayawa sai bayan kusan minti 15, lokacin da makaɗan gaba ɗaya suke rufewa da ƙara kamar saukar aradu. Lafiyar kiɗan ƙalau. Ɗan aiken ne ya zubar da rabin saƙo a hanya.

Abin da ya faru a zauren nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. 'Ya'yana da ƙannena, iyafis ɗan aike ne tsakanin makaɗi da kunnenku. Halin ɗan aiken kirki kuwa sananne ne: ya isar da saƙo yadda aka ba shi, ba ƙari ba ragi. Duk shawarar da zan ba ku a kan wannan ma'auni na ɗora ta.

Sai mu fara da sanin saƙon kansa. Kiɗan da ake kira kilasika shi ne wanda gwanayen Turai irin su Bach da Mozart da Beethoven suka rubuta a takarda, da na waɗanda suka bi sawunsu daga ko'ina a duniya, har da namu Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905, mai kiɗan African Suite. Da yawansa don babban ɗakin taro aka tsara shi, inda a yau makaɗa kan kai 80 zuwa 100 a zama ɗaya, da kayan katako da tsirkiya da tagulla da fata, ba lasifika ba wutar lantarki. Abu biyu suka raba shi da waƙoƙin situdiyo da kuka saba ji. Na farko, tazarar da ke tsakanin raɗarsa da tsawarsa tana da faɗi ƙwarai. Waƙoƙin zamani ana matse sautinsu ta yadda farko da ƙarshe ƙarfinsu kusan ɗaya ne, don a ji su a mota da kasuwa. Shi wannan ana barinsa yadda ya fito, wani wuri kamar numfashin jariri, wani wuri kamar hadarin Agusta. Na biyu, muryoyi ne masu yawa suke magana lokaci guda, kowace da launinta da mazauninta. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Iyafis ɗin da ya yi muku daɗi a waƙar biki yana iya ba ku kunya a nan.

Abu na farko da za ku duba shi ne wanda mutane suka fi rainawa, wato 'yar robar nan ta baki. Ita ce ƙofa. Idan ta rufe ramin kunne ruf, hayaniyar waje ta ragu, sauti mai kauri kuma ya zauna da gindinsa. Idan ta bar kafa ko da ta allura ce, kaurin ya zurare, kiɗan ya koma kamar ana kaɗa gwangwani, kome tsadar abin da kuka saya. Kowane iyafis na kirki yana zuwa da roba aƙalla kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ku gwada su duka, kada ku tsaya a kan wadda kuka tarar a jiki. Kada kuma ku yi mamaki idan kunnen dama ya so babba na hagu ya so matsakaiciya, don ba lallai ramukan biyu su zama girma ɗaya ba.

Ga yadda ake sawa. Ka zagayo da hannun hagu ta bayan kai, ka kama saman kunnen dama ka ɗan ja shi sama da baya, ramin zai miƙe. Ka tura iyafis ɗin a hankali kana ɗan murzawa, sannan ka saki kunnen. Kafin ka kunna komai, ka yi magana. Idan ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kanka, ƙugin fanka kuma ya ja da baya, to ƙofa ta rufu. Akwai kuma baki na soso, wanda ake matsewa da yatsu a sa, a riƙe shi 'yan daƙiƙu har ya kumbura ya cika ramin. Ya fi roba tare hayaniya, sai dai yana saurin tsufa, dole a riƙa sauya shi. Kamfanin Etymotic na Amurka, wanda ya fito da samfurin ER4 a 1991, ya yi suna ne a kan wannan: nasa yana shiga can cikin kunne, kuma kamfanin ya ce yana rage ƙarar waje da desibel 35 zuwa 42, a ma'aunin ƙarfin sauti. Wasu ba sa jure zurfinsa, wasu kuma da sun saba ba sa komawa wani. Amma irin iyafis ɗin nan mai faɗin kai, marar roba, wanda ake ratayawa a bakin kunne, ku bar shi don amsa waya. A garuruwanmu masu janareto da injin markaɗe, raɗar kiɗan kilasika ba za ta tsira a cikinsa ba.

Abu na biyu shi ne gaskiyar murya. Ku lura da abin da ke faruwa a shagon kayan waya. Mai shago zai sa maka waƙa mai dukan ƙirji, ya ƙure ƙara, ya ce, "Ji bes, maigida!" Da yawan abin da ke kasuwa haka aka gina shi da gangan: a kumbura sauti mai kauri, a wasa mai tsini, a danne na tsakiya, saboda hakan ne ke burge kunne a minti ɗayan farko. To amma a tsakiyar nan ne kiɗan kilasika yake zaune. Lafiyayyen kunnen yaro yana jin girgizar sauti daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Gogen Turawa, wato biyolin, mafi kaurin muryarsa girgiza 196 ce. Sautin da makaɗa suke daidaita kayansu a kansa kafin a fara, wanda mai busa obo yake bayarwa, wajen 440 ne. Fiyano kuma daga 27 da ɗoriya yake tashi ya tsaya a 4,186. Idan aka danne tsakiya, an danne biyolin da sarewa da muryar mawaƙi ke nan, an bar ku da gurnani a ƙasa da tsiwa a sama.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ko mai kukuma ya san abin da nake nufi. Bayan zaƙin kiɗan, akwai wani ɗan kaushi da izga take yi idan ta gogi tsirkiya, akwai kuma amon ƙoƙon da ke amsawa. Waɗannan ƙananan abubuwa su suke sa ka san hannun mutum ne yake kiɗan. Haka biyolin yake, haka yayansa celo mai kaurin murya. Iyafis mai gaskiya zai ba ka kaushin da amon katakon daidai gwargwado. Mai yawan tsini zai mayar da gogen kamar ana yankan langa-langa, bayan minti 20 kanka ya ɗau zafi. Mai yawan bes kuma zai lulluɓe komai kamar an rufa wa makaɗan bargo. Ba cewa nake a guji kauri gaba ɗaya ba. Akwai wani babban goge mai tsayin mutum da ke sauka har girgiza 41, kuma ana son a ji shi. A ji shi dai da tsabta, a iya bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya, kada ya zama ƙugi.

Abu na uku shi ne rarrabewa. A zaman da aka fi sabawa da shi, masu biyolin na farko suna hagun jagoran makaɗa, masu celo da manyan goge suna dama, masu busa suna tsakiya daga baya, masu tambura suna can ƙurya. Iyafis mai kyau zai bar ka ka nuna kowa da yatsa ido a rufe, ko a lokacin da duk suka taso tare. Marar kyau kuwa, da kiɗa ya yi kauri sai ya dama su kamar fura. Zan gaya muku gaskiya a nan: duk iyafis ɗin da ake cusawa a kunne, kiɗan a cikin kai yake zama, ba zai ba ku faɗin ɗaki kamar babban hedfon mai buɗaɗɗen baya ko lasifika biyu a falo ba. Abin da yake ramawa da shi shi ne shiru, da shiga aljihu, da rashin damun wanda kuke ɗaki ɗaya da shi. Ga ɗalibin da ke kwana da mutum huɗu a hostel, wannan ciniki ne mai riba.

A jikin kwali za ku ga an rubuta DD ko BA, wani lokaci da lamba a gaba. DD 'yar fata ce mai kaɗawa kamar ta lasifika, an ƙanƙanta ta, kuma ta iya fitar da kauri mai kama da na gaske. BA wani ɗan harshen ƙarfe ne da ke rawa tsakanin maganaɗisu, irin wanda aka daɗe ana sawa a na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji, ya kuma iya fito da ƙananan bayanai. Wasu kamfanoni suna haɗa biyun. Kada yawan lamba ya ruɗe ku. Guda ɗaya da aka daidaita da kyau ya fi takwas da aka cusa don talla. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai maganar igiya da Bluetooth. Na san marar igiya shi ne yayi, kuma yana da sauƙin sha'ani. Amma ku san abin da kuke bayarwa. Bluetooth sai ya matse sauti kafin ya tura shi, kuma kuɗin da kuka biya an raba shi ne tsakanin batir da makirfo da na'urorin ciki, abin da ya rage shi ya tafi ga sautin. Batirin nan ƙarami kuma yana raguwa shekara bayan shekara, ga shi yawanci ba a sauya shi, ranar da ya mutu iyafis ya mutu. Mai igiya ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, ba zai yanke muku kiɗa mai tsawon sa'a guda a tsakiya ba. Ku nemi wanda ake iya cire igiyarsa a sauya, domin igiya ce take fara lalacewa. Idan wayarku ba ta da ramin iyafis, kamar yadda Apple ya cire shi tun daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi, akwai 'yar mahaɗa da ake sawa a ramin caji. Ku sayi ta kirki, don ta banza tana sa wani "sss" a ƙarƙashin kiɗa, wanda ba a ji a waƙa mai ƙarfi amma yana fitowa fili a wurin raɗa. Masu rage hayaniya da lantarki, waɗanda ake rubuta wa ANC, suna da amfani a doguwar tafiya, don sun iya kashe ƙugin inji. Su ma ku saurare su a wuri shiru kafin ku biya, wasunsu suna da wannan hucin.

Kada ku manta da abin da kuke zubawa a ciki. Ko ɗan aike ya kai kowa amana, idan yagaggiyar wasiƙa aka ba shi, ita zai kai. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 mai lamba 128, irin wanda aka fi turawa daga waya zuwa waya, bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A kiɗan kilasika raguwar tana bayyana: tafin jama'a ya koma kamar ana suya, gogen ya riƙa rawa kamar a ƙarƙashin ruwa. Ku nemi mai lamba 256 ko 320, ko nau'in da ake kira FLAC idan wayar tana da wuri. Ku saukar da shi lokacin da data take da sauƙi, ku ajiye.

Game da kuɗi, araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. A 'yan shekarun nan kamfanonin Sin sun fito da masu igiya irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero a kan kusan dala 20, kuma an daidaita muryarsu da kyau ƙwarai, sun isa mai farawa. Wanda hannunsa ya ɗan fi tsawo yana iya duba Etymotic ER2SE ko Sennheiser IE 200. Ban ambaci waɗannan don ku tsaya a kansu ba, samfura suna zuwa suna wucewa, ma'aunin ne yake dawwama. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne jabu. Idan kuka ga babban suna a kan kuɗin da bai kai na kwalinsa ba, ku ajiye. Gara ƙaramin suna na gaske da babban suna na ƙarya. Kada kuma ɗayanku ya taɓa kuɗin makaranta ko ya ci bashi saboda abin sawa a kunne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In za ku saya, ku tafi da kiɗanku a waya, kada ku yi hukunci da waƙar mai shago. Uku sun isa. Ku sa ɗaya daga kiɗan celo shi kaɗai na Bach, ku ji ko katakon yana amsawa, ko kuna jin jan numfashin makaɗin. Ku sa farkon Boléro a matsakaiciyar ƙara, ku ji ko 'yar gangar ta fito. Sannan ku sa ƙarshen kashi na uku na Simfoni ta 5 ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a 1808. A wurin komai yana lafawa, sai tambari ɗaya yana bugawa a hankali kamar zuciya, gogen yana lallaɓowa, har a fashe da kashi na huɗu da dukan ƙahonin tagulla. Iyafis ɗin da ya ba ku bugun zuciyar nan, ya kuma ɗauki fashewar ba tare da ya dagule ko ya soke ku a kunne ba, ya ci jarrabawa. Ku bar shi a kunne minti 15 aƙalla. Wanda ya fara ciwo a shago ba zai daina a gida ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Wannan kiɗa yana da tarko. Saboda raɗarsa, mai iyafis marar rufi yakan ƙara murya don ya ji, ya manta, sai tsawar ta zo ta same shi da ƙofa a buɗe. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi, wajen 16,000 a kowane ɓangare, su suke mayar da girgiza ta zama ji. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne desibel 80 na sa'a 40 a mako ga babba. Idan ƙarar ta kai 90, sa'a 4 kacal ke nan a mako. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Don haka ku daidaita ƙara a wurin da kiɗan ya fi tsawa, ku bar ta a nan, raɗar kuma ku bar wa robar kunne ta kawo muku ita. Idan kun cire iyafis kuka ji kunne yana "wiii", ko maganar mutane ta dusashe, gargaɗi ne, ku huta, idan ya ƙi tafiya ku ga likitan kunne. Hausawa sun ce idan ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Ku riƙa cire robar kuna wankewa da ruwa da ɗan sabulu, ta bushe kafin ku mayar. Kada ku yi aronta, kada ku ba da aro. Ku daina sa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne, tura dattin ciki suke yi. Rufin nan da na yaba kuma, a kan titi abokin gaba ne: kada ku tsallaka hanya ko ku hau babur da kunnuwa a toshe. A gida ma ku san lokacin sawa. Ba daidai ba ne mahaifiya ta yi kira uku ba a amsa ba, ko ladan ya kira salla yaro yana kwance bai ji ba. Wanda ya koyi kasa kunne ga sarewa ɗaya a cikin makaɗa 100, ya kamata ya fi kowa iya sauraron na gaba da shi.

Beethoven bai cika shekara 30 ba jinsa ya fara raguwa. Ranar 7 ga Mayu, 1824, da aka fara kaɗa Simfoninsa ta 9 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, yana tsaye a gaban makaɗa, kuma masu tarihi sun ba da labarin cewa sai da aka juyo da shi ya ga jama'a suna tafi, don ba ya jin su. Shi lalura ce ta same shi, ba shi ya jawo wa kansa ba. Ku Allah Ya ba ku abin da shi ya rasa, kyauta, ba ku biya ko kwabo ba. Iyafis idan ya lalace gobe a sayi wani, kunne kuwa ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Ku zaɓi mai rufe ƙofa, mai faɗin gaskiya, wanda aljihunku zai ɗauka, sannan ku rage ƙara. Allah Ya bar ku da jinku har tsufa.